Yadda Nas Ta Zama 'Yar Goggo

Ranar da aka yi wa Nas albishir, tana durƙushe a gaban gadon Inna tana goge mata tsakanin yatsun ƙafa da tsumma mai ɗumi. Anti ta leƙo daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba, domin hancinta ba ya jituwa da warin man zafi.

"In kin gama, Yallaɓai na nemanki a falo. Alheri ne, daina zaro ido."

Nas dai ba ta taɓa aiki a asibiti ba. Mai jinya ce da wani kamfanin samar da ma'aikata ya turo gidan na wucin gadi, bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Inna, ta kuma tafi da maganarta gaba ɗaya. Farar rigar kamfani ce ta jawo mata sunan. Gidan yana biyan kamfani, kamfani ya yanki nasa, ya miƙo mata saura. Sauran ba shi da auki, amma yana zuwa. Tana da hutun yini guda a mako, da katin asibiti, da gado a masaukin ma'aikata. Tana kuma da 'ya ɗaya tilo da ta bari a hannun yayarta a wani gari, wadda duk ranar hutu take tambaya a waya, "Umma, yaushe za ki zo ki ɗauke ni?"

Yallaɓai shi ne ɗan Inna na fari. Lauya ne, mutumin da ba ya amsa gaisuwa sai ya gyara zaman tabarau. Ta same shi a kan sabuwar kujerar da ko ledarta ba a cire ba. Anti, matarsa, ta harɗe a gefe tana danna waya.

"Zauna, Nas. A'a, ba a ƙasa ba... to, shi ke nan, tunda kin riga kin zauna." Ya yi gyaran murya. "Mun ga aikinki. Inna ba ta karɓar cokali daga hannun kowa sai naki. Mun yanke shawarar mu riƙe ki dindindin. Albashinki cikakke, babu mai yankar komai. Ɗakin baya naki ne. Ki ɗauko 'yarki, ga makaranta nan a ƙarshen layi."

Ku da aikinku ba ya mutuwa da mutuwar wata, ba za ku gane abin da kalmar dindindin take yi wa zuciyar ɗan wucin gadi ba. Kamar wanda ya yi doguwar tafiya a tsaye cikin mota ne, a taɓa kafaɗarsa a ce, zauna. Nas ta rufe fuska da tafukanta. Kafin ta buɗe, a zuciyarta ta riga ta share ɗakin baya, ta ɗaura labule, ta ga 'yarta da jakar makaranta tana tsallake kwatar layin.

"Allah ya saka da alheri, Yallaɓai. Allah ya ƙara..."

"Amin, amin. Sai dai akwai ɗan wani abu."

A duniyar nan ban san abin da ya kai ɗan wani abu girma ba.

"Mutanen nan naku na kamfani, wai in mun ɗauke ki dindindin sai mun biya su la'ada. Albashinki na wata uku, a dunƙule. Na me? Su suka haife ki? Wannan ai fashi ne, bindigar kawai suka manta a gida."

"Zalunci ne tsagwaronsa," in ji Anti, ba tare da ta ɗago daga waya ba. "Ana cinikin mutane sai ka ce awaki. Ni abin har zuciyata yake taɓawa."

La'adar da ake magana ba ta kai kuɗin kujerar da yake zaune a kai ba. Amma ya ce ba kuɗin ne ya dame shi ba, aƙida ce.

"Na karanta yarjejeniyar tasu. Wanda ya rubuta musu ita bai gama makaranta ba. In wata shida ya wuce bayan kin bar gidan nan, ba su da haƙƙin ko sisi. Don haka za mu ce musu mun sallame ki. Ke kuma ki ce za ki garinku hutawa. Ki fita ta ƙofar gaba da jakarki, ki dawo ta ƙofar baya. Wata shida kamar yau ne. Ranar da ya cika, ni da hannuna zan rubuta miki takardar aiki."

"Yallaɓai, in suka gane fa? Mun sa hannu ba za mu yi aiki a bayan idonsu ba. Soke sunan mutum suke yi, su kuma sanar da sauran kamfanoni."

Ya yi mata murmushin da ake yi wa yaro in ya tambayi abin da ya fi ƙarfinsa.

"Nas, tsakanin ni da ke, wane ne lauya?"

Shi ne lauya.

Kamfani ya aiko aka kwashe kayansa: farar riga, katin asibiti, da keken nan mai ɗamara da ake ɗaga mara lafiya da shi daga gado zuwa kujera. Anti ta tambayi kuɗin sabo, ta ji, ta ce ai hannun mutum ya fi ƙarfe tausayi.

Da yamma aka zaunar da Nas aka koya mata asalinta.

"Daga yau ke 'yar Goggo ce," in ji Anti, tana zube mata wasu tsofaffin rigunanta a cinya.

"Wace Goggo, Anti?"

"Goggon Yallaɓai mana. Ƙanwar mahaifinsa."

"Tana ina?"

Anti ta dubi mijinta. Ya yi nazari kamar yana gaban alƙali.

"Ta rasu. Ya fi sauƙi. Mamaci ba ya ɗaga waya."

"Allah ya jiƙanta," Nas ta faɗa, bakinta ya riga tunaninta.

"Amin. Kin ga har kin fara kamawa. Kuma ki daina ce mini Yallaɓai. Yaya za ki ce."

Haka aka haifi Goggo aka binne ta a zama ɗaya, baiwar Allah ko ruwan gidan ba ta sha ba.

Zama 'yar uwa yana da dokokinsa. Maƙwabta suna da kuku daga wannan kamfanin, motar kamfani kuma safe da yamma tana tsayawa daidai saitin ƙofar. Saboda haka babu fita tsakar gida ta gaba, babu shanya a waje, babu leƙen taga. Yaya ya cire layin wayarta ya adana mata, kada kamfani su kira su ji tarin Inna a bayanta. Da ranar hutunta ta zagayo, ta yafa mayafi ta ce za ta ɗan miƙe ƙafa.

"Ki miƙe ta ina?" Anti ta ce. "Ke da kike garinku kina hutawa? Wane hutu kuma kike nema bayan wannan?"

Ta cire mayafin ta ninke.

Da wata ya mutu ta jira, ta ƙara jira, sannan ta tare Yaya a bakin kicin yana neman makullin mota.

"Yaya, dama... wata ya yi."

"Wane wata?"

"Na albashi."

Ya waiga hagu da dama, ya sassauta murya. "Ƙanwata, so kike ki tona mana asiri? In na tura miki ta banki, shaida ce. In na ba ki a hannu, gida za ki aika, mai shagon tura kuɗi ya rubuta sunanki, shaida ce. Ajiya nake yi miki. Ranar da wa'adi ya cika ki karɓi abinki a dunƙule, har ki rasa inda za ki sa. Mutane nawa ne suke samun lauya ya riƙe musu asusu kyauta?"

"Kuɗin makarantar yarinyar ne, Yaya."

"Ilimi ba ya guduwa. Ga shi nan ina da shi tun yaushe, bai je ko'ina ba."

A sati na gaba aka sallami matar da ke zuwa shara da wanke-wanke. Anti ta ce abin kunya ne a ce da 'yar uwa a gida bare yana taɓa musu kwanuka. Daga kwanuka aka gangara wanki, daga wanki aka hau guga. Ma'aikaciya tana da iyakar aiki, an rubuta a takarda. 'Yar uwa ba ta da takarda, sai albarka. Albarka kuwa Anti ba ta rowarta. Safe da rana tana rabawa.

Ƙawayen Anti sukan zo su cika falo, Nas ta shigo da faranti tana ɗan ɗingishi.

"Wannan fa?"

"'Yar Goggon maigidan ce. Marainiya ce, muka ɗauko ta."

"Kai, Allah ya biya ki! A zamanin nan wa yake riƙe dangin miji? Ke kam aljannarki a shirye take."

"Wallahi haƙuri kawai ake yi," in ji Anti, tana sunkuyar da kai don tsabar tawali'u. "Ke, 'yar Goggo, kofin nan da saura sabulu."

In Anti ta tashi da ƙafar dama takan ba ta aron waya ta kira gida, a buɗe, tana tsaye a kanta saboda tsaro.

"Wai ke wane irin aiki ne wannan?" yayarta ta ce, muryarta tana cika kicin ɗin. "An koro yarinya daga makaranta. Tana gida tana taya ni ƙulla gyaɗa a leda. Mijina ya fara magana."

"Yaya, ki ƙara haƙuri. Saura kaɗan."

Aka ji ƙaramar murya tana ƙwace wayar. "Umma, ɗakin namu yana da taga?"

"Yana da ita, Mamana."

"To ni zan kwana wajen tagar."

"Katina zai ƙare," in ji Anti, ta miƙo hannu.

Ɗakin baya yana da taga da gaske. Yana kuma da tsohon janareta, da tayoyi, da kwalayen shari'o'in da Yaya ya gama. Nas a ɗakin Inna take kwana, a kan tabarmar roba, a gindin gado.

Mutum ɗaya ce a gidan ba a koya mata asalin Nas ba, don an ɗauka wanda ba ya magana ba ya fahimta. Inna tana ganin komai. Ta ga farar riga ta ɓace, ta ga rigar surukarta a jikin mai jinyarta, faɗin ya yi yawa, tsawon ya gaza. Ido ɗaya da ya rage mata mai motsi yakan bi Nas daga ƙofa zuwa taga. In Nas ta kawo cokali, wani lokacin Inna takan ture shi da hannunta mai lafiya, ta nuna bakin Nas ɗin: ke ci. Sai Nas ta yi kamar ta ci, Inna ta harare ta, sai ta ci da gaske, su biyun su yi dariya marar sauti. Wayyo, ƙauna! A gidan da aka cika bango da hotunan dangi, nan kaɗai take zaune, tsakanin wadda ba ta iya magana da wadda aka hana.

Inna ba ƙaramar mace ba ce. Tun da aka tafi da keken ɗagawa, Nas ke rungumo ta daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, ta dawo da ita. Takan sa hannu a ƙarƙashin hammatarta ta ce da ƙarfi, "Inna, mu je! Bismillah, yauwa, gimbiya!" Wata safiya a banɗaki, ƙasa da santsi, ƙafar Inna ta goce. Nas ba ta sake ta ba. Ta tare nauyin gaba ɗaya da ƙugunta, ta ji wani abu ya ce ƙas a gadon bayanta, wuta ta sauka har yatsan ƙafa. Inna ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Da rarrafe ta fito neman Anti.

"Anti, bayana. Ina jin sai an kai ni asibiti."

"Subhanallahi! Inna fa, ba ta bugu ba?"

"Ba ta bugu ba."

"Alhamdulillahi. To ke asibitin nan na kusa ai can kamfaninku suke kai mutanensu. Na nesa kuma sai an cike takarda. Ki shafa man zafin Inna, amma kar ki lakato da yawa, tsada gare shi."

Yaya da ya dawo ya tsaya daga bakin ƙofa ya jajanta sosai. Ya ce shi ma bayansa yana damunsa saboda zaman ofis, ya san abin da take ji. Ya ce an ci fiye da rabin wa'adi, kada ta bari shaiɗan ya ɓata mata ladanta a kusa da ƙarshe.

Daga ranar Nas ta koma tafiya a karkace, tana bin bango. Ta koyi ɗaga Inna da haƙora a cije. Ta rame har rigunan Anti suka zama kamar an rataye su a ƙusa. Abu ɗaya ne bai canza ba: in za ta ɗaga, sai ta ce, "Inna, mu je! Yauwa, gimbiya!" domin in ba ta faɗa ba, Inna ba ta sakin jiki.

Wannan muryar ce Mai Magani ya ji.

Mai Magani saurayi ne dogo mai babur, wanda kantin magani ke aikowa da magungunan Inna duk mako. A da Nas ke fitowa ta karɓa. Yakan daɗe yana neman canji a aljihun da ya san babu canji, yana tambayar jikin Inna sau uku, ita kuma tana amsawa sau uku ba ta gajiya. Bai taɓa faɗin komai ba. Tara kalmomi yake yi, yana jiran su cika. Sai rana ɗaya Anti ta fito da kanta ta ce Nas ta koma garinsu. Ya kira layinta har ya haddace muryar matar da ke cewa a kashe yake.

Ran nan yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran a kawo masa kuɗi, sai ya ji ta ta tagar gefe: "Yauwa, gimbiya!" Ledar magani ta kusa faɗuwa daga hannunsa.

"Hajiya, kamar muryar Nas nake ji."

"Rediyo ne," in ji Anti, ta rufe ƙofa.

A littattafai, a nan ne saurayi yake gane komai ya zo da ceto. Mai Magani bai gane komai ba. Abin da ya gane shi ne ana ɓoye masa ita don an raina baburinsa. Ya kwana biyu yana juyi, ya yanke cewa mai niyyar alheri ta ƙofa yake shiga. Nas ba ta da uba a garin, ba ta da kawu. Wa ya kawo ta? Kamfani. To su ne manyanta. Ya sa rigarsa mafi kyau, ya fesa turare, ya je ofishinsu ya zauna a gaban Manaja, ya ce ya zo neman izinin magana da ma'aikaciyarsu da ke gidan lauya, da kyakkyawar niyya.

"Wace ma'aikaciya?" in ji Manaja, tana ajiye biro a hankali.

Washegari da hantsi Manaja ta yi sallama a gidan. Mace ce gajera mai jakar fata, wadda murmushinta yake kunnuwa ya mutu kamar fitilar firiji. Ba ta tsaya a falo ba. Ta ce ta zo duba tsohuwar abokiyar hulɗarsu, ta miƙe ɗakin Inna, Anti na binta tana cewa ba a gyara ba. Ta samu Nas a sunkuye tana canza zanen gado.

"Ikon Allah! Ashe nan ne garin naku. Ya hutu?"

Aka kira Yaya daga ofis. Ya zo bai ko yi gumi ba. Ya sa aka kawo wa Manaja kujera da lemo a ɗakin.

"Barista, ka san yarjejeniya. Kun riƙe ma'aikaciyarmu kafin wa'adi. La'ada ta hau kanku, har da tara."

"In da mun ɗauke ta aiki ba. Wannan 'yar Goggona ce. Sai bayan kun turo ta muka gano, kin san yadda zumunci ya watse a zamanin nan. Zama take yi da mu."

Manaja ta juya. "Ke, aiki kike yi ko zama?"

Nas ta dafa ƙarfen gado ta miƙe iya yadda bayanta ya yarda. Ta san in ta ce zama, guminta na watanni ya bi ruwa. In ta ce aiki, ta yanka kanta a gaban kamfani. Amma ta tuna alkawari, ta tuna taga. Ta yi zaton in gaskiya ta fito, Yaya zai ji kunya ya biya la'adar, a wuce wurin. Har yanzu tana zaton akwai kunya a gidan.

"Aiki nake yi, ranki ya daɗe. Ba ni da wata Goggo. Sun ce in jira wata shida su ɗauke ni dindindin, don kada su biya ku. Yallaɓai, don girman Allah ka biya su. Ka cire daga kuɗina da ke wajenka, na yafe. Ni dai a bar mini aikin."

Anti ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Ka ga abin da nake gaya maka? Ka riƙe mutum da zuciya ɗaya!"

Yaya ya ɗaga mata hannu. Ya gyara tabarau. Murya a sanyaye, kamar mai lallashi, ya ce, "Manaja, ke ma'abociyar doka ce. Mene ne aiki? Yi ne a biya. Ƙanwata, tsakaninki da Allah, tun ranar da kika dawo gidan nan, na taɓa ba ki ko sisi?"

Nas ta buɗe baki.

"Amsa kawai. Na taɓa?"

"Ba ka taɓa ba."

"Anti fa?"

"Ba ta taɓa ba."

"Akwai takarda? Akwai shaidar banki? Akwai wanda ya gan ki kin karɓa?" Ya buɗe tafukansa biyu, farare tas. "To ina aikin yake?"

A lokacin ne Inna ta yi wani gurnani daga can cikin maƙogwaro. Fuskarta ta yi ja, bakinta da ya karkace yana rawa, tana kokawa da kalmar da ta ƙi fitowa. Ta miƙo hannunta mai lafiya ta cafke wuyan hannun Nas, ta riƙe gam, hawaye na gangara cikin kunnenta. Duk mai ido ya san abin da take faɗa. Ɗanta ma ya sani, shi ya sa ya riga kowa fassarawa.

"Kin gani da idonki, Manaja. Haka ake riƙe ma'aikaci? Wannan ai jini ne."

Manaja ta kurɓi lemo. Ba wawiya ba ce, ta san an yi mata wasa da hankali. Amma ta auna: a hannu ɗaya lauya mai abokai masu tsofaffin iyaye, a ɗaya hannun mace mai karkataccen baya da ba za ta ƙara ɗaga ko bokiti ba. Awon bai ɗauke ta lokaci ba.

"Barista, mu bar maganar kotu. Inna tana buƙatar ƙwararriya. Ina da sabuwar yarinya mai ƙarfi, a yau ma za ta iya farawa, da keken ɗagawa. In ka sa hannu na shekara, zan yi maka ragi."

"Yanzu kika yi magana. Ni dama ba na son rigima."

"Ke kuma," fitilar firiji ta mutu, "da bakinki kika ce kin yi aiki a bayan idonmu. Mun soke sunanki. Kada ki wahalar da kanki zuwa wani kamfanin, za su ji kafin ki isa."

Ku duba kyawun adalci. A magana ɗaya, a ɗaki ɗaya, Nas ta yi aikin da ya isa a kore ta, ba ta kuma yi aikin da ya isa a biya ta ba. Kowa ya samu gaskiyar da ta yi masa daidai. Kamfanin da ke cinikin mutane sai ka ce awaki ya sha hannu da mutumin da aƙidarsa ta hana shi saye, ya gwammace ya ɗauka kyauta. Babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya karya doka. Abin da aka karya yana jikin Nas, shi kuma ba a rubuta shi a yarjejeniya ba.

"Bayan ƙazafin da kika yi mana, zama ya ƙare," in ji Anti. "Amma mu ba za mu rama ba. Ki tafi da rigunan."

"Kuɗina fa, Yallaɓai?"

"Wane kuɗi? A gaban shaida kika ce babu kuɗi tsakaninmu." Ya zaro layin wayarta daga aljihu ya ajiye a gefen gado. "Ga ajiyarki. Ni ba na cin amana."

Saura abu ɗaya: Inna ba ta saki ba. Anti ta ja, Yaya ya lallasa, yatsun suka ƙara nutsewa. Dole Nas da kanta ta durƙusa, bayanta na ihu, ta kai bakinta kunnen tsohuwar ta yi mata raɗa, tana ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana sumbatar kowanne kafin ta ajiye shi.

"A hankali dai," in ji Anti. "Kar ki ji mata ciwo."

Ta fito ta ƙofar gaba, rana ta dake ta har ta runtse ido. Mai Magani yana can tsallaken titi, jingine da babur, ya ci ado, yana murmushin wanda ya zo karɓar amsa. Da ya ga yadda take tafiya, da jakar a hannunta, murmushin ya zube. Ya tsallako da gudu.

"Nas! Me suka yi miki? Wallahi ni alheri na je nema. Cewa na yi ina son... ni ban san..."

"Na sani."

"Ki yafe mini. Don Allah ki yafe mini."

"Kai kaɗai ne ka neme ni. Me zan yafe?"

Ya karɓi jakar ya ɗaure a gaba. Hawa baburin ya zama aiki, sai da ya kwantar da shi kusa da dakali ta dafa kafaɗarsa ta zauna a gicciye, tana haɗiye kuka. Masaukin ma'aikata ba nata ba ne yanzu. Garin yayarta kuma akwai yarinya a can da za ta fito da gudu ta tambaya.

"Ina zan kai ki?"

"Kai ni inda in mutum ya yi aiki ake biyansa. In ka san wurin."

Mai Magani ya san garin nan lungu-lungu, babu ƙofar da bai taɓa ƙwanƙwasawa ba. Ya tayar da babur. Injin yana ta kaɗawa, shi kuma ƙafarsa tana ƙasa, yana kallon titi, hagu da dama.